Ƙotar Bindigar Bahago

Kai mai karatu, in kana da ɗa, kuma ubansa ya rasu ya bar masa kayan aiki, kada ka tsaya kallon hawayensa ranar da aka miƙa masa. Ka duba ko abin ya yi wa jikinsa daidai. Mutane sun ɗauka ƙaunar mamaci ba ta cutar da kowa. Tana cutarwa, na gani a fuskar ɗana.

Ni mai ɗinki ce. Marigayi mijina maharbi ne mai lasisi, gajere, bahago, da Bahago ake kiransa har mutane suka manta sunansa na gaskiya. Babban ɗanmu, wanda muke kira Dogo, shi ya gaji bindigar, ya kuma samu aikin gadi a wata babbar gona mai nisa inda aladun daji ke ɓarna. Can waya ba ta kamawa, sai dai wasiƙa ta hannun direban da ke kawo kayan gonar kasuwarmu. Ga abin da muka rubuta wa juna a kan ƙotar bindigar, wato itacen bayanta da ake tokarawa a kafaɗa. Ban gyara wa kowa magana ba, har tawa.

Zuwa ga Umma,

Gaisuwa da girmamawa. Ina fatan gwiwar ta yi sauƙi, kuma Auta tana taya ki aiki, ba madubi take tayawa ba. Mu nan lafiya lau. Surukarki jiki ya fara nauyi, amma tana cin abinci sosai, har da nawa take haɗawa. Ruwa kuwa ya sauka ba wasa, komai na ɗakinmu ya yi danshi.

Umma, bindigar Baba ce ta sa na rubuto. Ina goge ta na ga tsaga a wuyan ƙotar, daidai inda hannu ke riƙewa, siririya kamar gashi. Na kai wa mai gyaran bindiga na garin da ke kusa da mu. Ya juya ta ya sake juyawa, ya ce ƙarfen lafiyarsa ƙalau, zai ga jikokina, itacen ne ya gaji. Ya ce hanya biyu ce. Ko a cire a sa ta baƙar roba mai tauri, irin ta sauran masu gadi, wadda ba ruwanta da damina. Ko ya ɗura gam a tsagar ya naɗe da waya, amma shi ba zai rantse a kanta ba. Na ce ya naɗe. Ba zan sa wa bindigar Baba roba ba kamar wani bokitin wanka.

Har yanzu akwai ɗan lotsawar nan mai duhu inda kumatunsa ya cinye itacen. In na kai hancina kusa, ƙamshinsa nake ji. Don Allah wane irin mai yake shafa mata? Ina so in ci gaba da shi.

Ga hotonmu da aka ɗauka a bakin gona. A gaishe da Baffa.

Ɗanki,
Dogo

Dogo,

Na samu wasiƙarka da hoton. Gwiwa tana nan yadda ka bar ta, Auta ma haka. Ka gaishe da 'yata, kuma ka bar mata abincinka ba tare da tsegumi ba, ba ita kaɗai take ci ba.

Yanzu ka ajiye abin da ke hannunka ka karanta. Mene ne wannan baƙin a ƙarƙashin idonka na dama? Kada ka ce mini reshe ne. Na sa tabarau na duba, na fita bakin ƙofa cikin haske na sake dubawa. Bindiga ce ta naushe ka.

Ƙotar nan ba a kanti aka saye ta ba. Mahaifinka ya zaunar da kafinta yana sassaƙa shi yana gwadawa, har ta yi daidai da gajeren hannunsa, aka kuma karkatar da ita don kafaɗar hagu. Kai ka ɗara shi tsawo da kai guda, kuma da dama kake komai. In ka tokara ta dole ka tattare jikinka kamar mai shiga ƙaramar ƙofa, babban yatsanka ya zo bakin idonka, in ta tashi ta mayar maka da shi a fuska. Tun kafin a haife ka nake awon mutane. Ban taɓa ganin dogon da rigar gajere ta shiga ba don kawai yana son mai rigar.

Kuma ka manta daminar gidanmu ne? Itacen ya sha danshi ya kumbura, saiti ya kauce, mahaifinka ya dawo ba ko zomo yana ta mita, ya rataye ta saman ƙofar kicin kwana da kwanaki tana bushewa. Ƙamshin da kake ji man keken ɗinkina ne da hayaƙin girkina. Shi yake ɗibar mini man in na juya baya. In ƙamshin kake so, sai in aiko maka da kwalba guda.

Ka sa roba. Itace ne, Dogo, ba ubanka ba ne. A cire shi ka turo mini, na san abin da zan yi da shi.

Labarin gida: na share ɗakin Babanku na mayar da keken can, don tagarsa ta fi haske. Takalmansa na ba Baffanka. Sun matse shi amma ya ƙi cirewa, yana ta ɗingishi a layi yana cewa za su saki.

Mahaifiyarka

Umma,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Baƙin idon ya baje.

Na karanta wasiƙarki na sake karantawa. Na ga an share ɗaki, an ba da takalma. Ban ce komai ba, gidanki ne. Amma ni ma ina da kunne tun ina yaro. Duk damina sai kin tsaya a ƙofar kicin kin ce wa Baba, "Wata rana da itacen nan zan dafa muku abinci." Shi kuma ya yi dariya. Yanzu ba ya nan balle ya yi dariyar. Na gane abin da za ki yi da shi, kuma ki yi haƙuri, ba zan turo ba.

Na gwada ta roba ta abokin aikina, don kada ki ce na ƙi ne ban gani ba. Ba ta da nauyi, gaskiya ne, kuma saitinta bai kauce ba duk ruwan nan. Amma in ta bugi reshe sai ta yi ƙara kamar jarkar da ba komai ciki, aladu su ji tun daga nesa. In ka kwantar da kumatu a kanta da safe, sanyi kawai za ka ji. Kowa a nan yana da irinta, in an jera su a sito ba mai gane tasa sai da lamba. Ta Baba kuwa ko ido a rufe zan ɗauko ta.

Batun hagu da dama kina da gaskiya, shi ya sa na fara koyon harbi da hagu. In ita ba za ta yi daidai da ni ba, ni zan yi daidai da ita. Masara ta kusa nuna, manaja ya ce kowa ya shirya, aladu sun fara leƙowa.

Ɗanki,
Dogo

Dogo,

Lafiya muke, in har uwar da ɗanta ya ɗauka mai ƙona kayan mijinta ce za a kira mai lafiya.

Koyon hagu da girmanka? Mahaifinka Allah ne ya yi shi bahago, ba kwaikwayon wani ya yi ba. Kana ganin alade zai tsaya ya jira ka tuna wace kafaɗa ce? Ga itace mai tsaga, ga damina, ga hannun da bai saba ba, duk ka haɗa ka ce ladabi ne ga mamaci. Wannan ba ladabi ba ne, taurin kai ne ka sa masa hula. Wanda ke kwance a ƙasa ba ya bukatar komai a wurinka sai addu'a. Wadda ke zaune a ɗakinka da nauyin jiki ita ke bukatar ka dawo gida kullum da ƙafafunka.

Mutumin da ya gyara ma ya gaya maka ba zai rantse a kanta ba. Mai sana'a ya janye bakinsa, kai ka saka fuskarka.

Batun abin da zan yi da itacen, ba zan tsaya ina yi wa ɗan da na haifa rantsuwa ba. Na ce ka turo. Kada ka sake fita da bindigar nan sai an canja ƙotar. Ina jiran amsa a dawowar direba.

Mahaifiyarka

'Yata,

Ina gaishe ki, ina fatan jiki da sauƙi kuma ƙafafun ba su kumbura ba. Ki riƙa ɗora su a kan matashi in kin zauna, kada ki ɗauki ruwa da kanki.

Ke nake rubuta wa don mijinki ya yi shiru. Ranar kasuwa ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ba direba ba wasiƙa. A tasha an ce gadar hanyarku ruwa ya cinye, wani ya ce an gyara, wani ya ce ba a fara ba. Na zama abin kallo a wurin, masu lodi sun fara ba ni benci tun kafin in yi sallama. In na dawo gida ba na iya zama. Jiya na ɗinka wa wata mata hannun riga a juye, na farke, na sake juyawa. Auta ta ce in kwanta, na kwanta, na tashi na share tsakar gidan da ta riga ta share.

Zan ba wani mai babur wannan, ya ce yana bi ta tsohuwar hanya. Ki gaya mini gaskiya, ba irin gaskiyar da ake gaya wa tsofaffi ba. Fushi yake yi ko wani abu ne ya faru? In fushi ne, ya yi ta yi, ya taɓa yi yana yaro bai kashe ni ba.

Na sa miki tef ɗin awo a cikin ambulan. Ki auna shi daga lanƙwasar gwiwar hannun dama zuwa ƙarshen yatsan da ke jan kunamar bindiga, ki kai wa mai gyaran, ya nemo ta roba daidai tsawonsa.

Mamanki

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ni lafiyata ƙalau, na cikin ma yana ta motsi. Zan fara da abin da kika fi son ji: yana raye, yana tafiya, kuma idonsa biyu suna gani.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka iso, ta direba da ta mai babur. Wadda kika ce kada ya sake fita da bindigar ta yi kwanaki a bakin gada, ba ta zo ba sai da abin ya riga ya faru.

Da safe ne bayan ruwa ya ɗauke. Wani babban alade ya shiga masara, suka bi shi shi da abokin aikinsa. Ya tokara a hagu kamar yadda yake ta koyo, ya harba. Ƙotar ta rabe biyu daidai inda aka naɗe da waya, ɓarin ya yanke shi daga kumatu har kusa da ido. Harsashin gogar aladen kawai ya yi, aladen ya juyo ya yi kansa, shi kuma jini ya rufe masa gani. Abokin ne ya kayar da aladen, kusa ƙwarai, har jinin ya taɓa takalmin mijina. Malamar asibitin gona ta ɗinke shi. Ta ce da ya ƙara sama kaɗan da wani zancen ake.

Yanzu manaja ya kulle ƙarfen a sito. Ya ce ko a sa roba kafin a fara girbi, ko ya ba wani aikin, kuma ɗakin da muke ciki na masu gadi ne. Kin san halin da nake ciki, ban san inda zan haihu ba in aka ce mu tashi.

Shi kuwa yana zaune da ɓarin itacen biyu a kan cinya yana haɗa su yana rabawa. Na ce masa, "To maharbi, dama ta sha naushi, hagu ta sha ɗinki, wace kafaɗa ta rage?"

Ya ce, "Ke ma kin koma ɓangarenta."

Na ce, "Ni ɓangaren na cikin nan nake. Ya ce in gaya maka yana son uba mai ido biyu."

Ya ce, "In na sa roba shi ke nan, Umma ta samu itacen girkinta."

Na auna shi duk da haka. Na ce riga zan ɗinka masa. Ya miƙo hannun yana harara, ya ce, "Tun yaushe ake awon riga daga gwiwar hannu zuwa yatsa? Wannan tef ɗin ma na san shi." Na kai wa mai gyaran, ya ce akwai mai tsawon, amma sai mai bindiga ya je da kansa.

Mama, ban isa in koya miki magana da ɗanki ba. Amma ba robar yake ƙi ba, murhun yake tsoro. Ki gaya masa abin da za ki yi da itacen.

'Yarki

Dogo,

Sannu da jiki. Kada ka sosa ɗinkin, kada ruwa ya taɓa shi. Ka je ka yi wa abokin aikinka godiya da bakinka, ka ce uwarka ma tana godiya. Ba zan ce na gaya maka ba, fuskarka za ta riƙa gaya maka duk safiya.

Matarka ta fi ka hankali, don haka zan yi abin da ta roƙa, ko da yake ban saba yi wa yara bayani ba.

Ƙusar nan da yake rataye bindigar tana nan saman ƙofar kicin. Na share ɗaki, na ba da takalma, na raba riguna, ban cire ƙusar ba. Shekara da shekaru ina sunkuyawa a ƙofar nan don kada ƙotar ta buge ni a goshi. Tun ranar da ka tafi da bindigar ba komai a wurin, amma har yau in zan shiga sai na sunkuya. Auta tana yi mini dariya, ina jin ta.

Maganar dafa abinci da itacen, wannan tsakanina da mijina ne. Shi ya san abin da nake nufi, shi ya sa yake dariya. Yaro yana jin faɗan iyayensa ta bayan ƙofa, amma ba ya sanin wanne ne faɗa.

Ranar rabon kaya ba wanda ya tambaye ni, aka ce bindiga ta ɗa namiji ce. To yanzu ta rabu gida biyu da kanta. Ƙarfen naka ne, ka ci abinci da shi, ka riƙe ɗakin da matarka za ta haihu a ciki. Itacen nawa ne. Man kekena ne ya jiƙa shi, hayaƙina ne ya baƙanta shi, kuma kumatun da ya lotsa shi ni na fi ka saninsa. Ka turo mini abina.

Mahaifiyarka

Umma,

Ina gaisuwa, ina neman gafara. An cire zaren, tabon ya kwanta. Surukarki tana gaishe ki, ta ce in rubuta cewa ita ce ta yi nasara, na ce ba zan rubuta ba.

An sa robar. Da na tokara ta a dama sai na ga ashe mutum yana iya harbi wuyansa a miƙe. Manaja ya jera gwangwanaye a bakin gona, na kayar da su, ya mayar mini da aikina. Har yanzu tana ƙara kamar jarka. Surukarki ta ɗinka mata riga da ragowar yadi, ƙarar ta ragu, abokan aiki suna tambaya ko bindigar ma biki za ta.

Itacen yana hannun direba, a naɗe cikin zane. Ban goge shi ba, akwai ɗan jinina a jiki. Ban san da maganar ƙusar ba, Umma. Da na sani da ban rubuta abin da na rubuta ba.

Ɗanki,
Dogo

Dogo,

Lafiya muke. Gwiwa ta ɗan saki tunda na daina zaryar tasha. Ka gaya wa 'yata na fara ɗinkin kayan jariri, kuma rigar da ta yi wa bindiga ina so in ga bakin ɗinkin.

Saƙo ya iso. Na haɗa ɓarin biyu na ɗaure da zare mai ƙwari, na hau kujera da kaina na rataye, Auta tana riƙe da ƙafafun kujerar tana cewa zan faɗo. Jinin ban wanke ba. Ya zauna a nan kusa da lotsawar kumatun, duk wanda ya tambaya zan gaya masa na wane ne da yadda aka yi. Washegari da na zo shiga kicin da tukunya a hannu na manta, ban sunkuya ba, ya buge ni a goshi. Auta ta jira in yi faɗa. Ban yi ba.

Baffanka ya zo ya tsaya a ƙarƙashinsa ya daɗe yana kallo. Da ya juya zai tafi na ga yadda yake taka ƙasa, na ce ya zauna ya cire takalman. Yatsunsa duk sun yi kanta, ɗaya har ya fashe. Ya ce, "Na ɗan'uwana ne." Na ce, "Ɗan'uwanka ƙafarsa ƙarama ce, kuma ya gama tafiyarsa." Da silifas ɗin Auta ya koma gida yana gunaguni. Takalman na ba wani mai ƙaramar ƙafa.

Saboda haka ga dokar da na kafa, na gaya wa Auta, na gaya wa Baffa, kai ma ka ji, kuma in na cikin ya iso ya yi wayo ka gaya masa. Abin da mamaci ya bari, in na tunawa ne, wurinsa bango, kowa ya zo ya kalla ya yi addu'a. Amma daga yau ba wanda zai sake fita ta ƙofar gidan nan zuwa neman abinci da kayan da aka auna a jikin wani. Wanda zai fita, a auna shi tukuna. Tef ɗina yana wurin matarka, ta dawo mini da shi.

Mahaifiyarka